Raɗar da ke Riga Murya

Daren da ruwan sama ya watsa majalisar ƙofar shagon mai gyaran takalmi, Sannu-Sannu ya dawo gida da wuri, abin da bai saba yi ba. Yana hawa matakalar bene yana hutawa, sai ya ji wani sauti daga cikin gidansa wanda bai san irinsa ba. Da farko raɗa ce, siririya, kamar iska ta biyo ramin makulli. Sai gurnani irin na wanda abu ya tsaya wa a maƙogwaro. Sai kuma tsawa, amma tsawar da aka danne, kamar an kife mata kwano. Aka yi shiru. Can sai raɗar ta dawo, gurnani ya biyo ta, tsawa ta rufe.

Ya tsaya da makulli a hannu. Mutum ɗaya ya bari a gidan, matarsa, kuma matarsa ba ta magana.

Da can kuwa magana ce sana'arta. A tashar da ya yi tuƙin bas har ya tsufa, ita ce mai yankan tikiti, ita ce kuma mai kiran fasinja, domin lasifikar tashar kullum a lalace take, kuma ba wanda ya ga dalilin gyara ta tunda akwai ta. Direbobi suka sa mata Jiniya. Shi kuma suka sa masa Sannu-Sannu, saboda bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, bai kuma taɓa buge ko kaza ba. Da suka yi aure aka daɗe ana dariya a tashar, wai an haɗa ƙaho da birki.

A farkon wannan shekara ta faɗi a gaban wurin wanke-wanke. Likita ya ce jini ne ya toshe a kai, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannun ya dawo rabi, amma baki ya ƙi. Kalma ɗaya ta rage mata, "to". Da ita take amsa gaisuwa, da ita take ƙin magani, da ita take zagi. An haɗa ta da wata mai koyar da magana a asibiti, yarinya mai kirki, mai katuna masu hotuna. Ta ɗaga hoton kofi ta ce, "Mama, ce ko-fi." Jiniya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ɗauki jakarta da hannun hagu, ta fita. Ba ta sake komawa ba. Likita ya ja Sannu-Sannu gefe ya gaya masa cewa watannin farko su ne masu albarka, in baki bai motsa a cikinsu ba, yakan zauna yadda yake.

Ya murɗa makulli a hankali yadda yake yin komai, ya tura ƙofa kaɗan. Tana zaune a kujerar bakin taga, ta ba shi baya, tsohon rediyonsa mai cin kaset a cinyarta, ta sunkuyar da kunne a kansa. Tsawar nan da ya ji, muryarta ce ta da, an rage ta ƙasa-ƙasa.

Ya san kaset ɗin. Autarsu ce ta ɗauke shi tana ƙarama, ranar da ya sayo rediyon, ta danna jan maɓalli ta ɓoye shi a ƙarƙashin tebur. Babu komai a ciki sai gida da yamma: ƙarar tukunya, dogon shiru, sai Jiniya ta fashe. "Rufe ƙofar nan!" Shiru. "Wa ya bar famfo a buɗe?" Shiru. "Ku zo ku ci kafin ya huce!" Haka har ƙarshen gefen kaset ɗin. Ya ɗauke shi ya jefa a aljihun gaban bas, in barci ya fara fizgarsa a doguwar hanya sai ya saka. Fasinja su yi ta dariya, shi kuwa idonsa ya buɗe tar. Shekaru kaset ɗin ya yi a wannan aljihu, rana na gasa shi, sannan ya yi wasu shekarun a akwati ba wanda ya taɓa shi.

Amma raɗar nan bai taɓa jin ta ba. Ya kasa kunne. Kafin kowace tsawa, da kamar numfashi guda, wata 'yar murya takan faɗi maganar a ɓoye, a dushe, kamar daga bayan bango: rufe ƙofar nan. Da Jiniya ta ji ta sai ta gyara zama, ta tattara leɓe, maƙogwaro ya fara gurnani, sannan in babbar muryar ta zo ta hau bayanta su tafi tare. Ba ta kaiwa ƙarshe. Amma da kunnensa ya ji "ƙofa" ta fito daga bakin matarsa, a karkace, a jiƙe, amma ƙofa ce.

Ya ja ƙofar ya rufe, ya koma ƙasan bene ya zauna a kan matakala har ruwa ya tsagaita. Sannan ya hau yana tari, yana buga takalmi. Ya tarar da ita tana ninke tsumma, babu rediyo babu alamarsa.

"To," in ji ta.

Ya ce mata majalisa ta yi daɗi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya san matarsa. In ta gane an gan ta tana rarrafe a bayan muryarta, za ta jefa rediyon ta taga. Sai dai raɗar ta hana shi sukuni. Shi mutum ne mai son abin al'ajabi, akwatinsa cike yake da dutse mai rami, da ƙusa da ta narke, da ƙwai maras ƙwanduwa da ya busar. Amma zaren kaset da ya san abin da za a faɗa kafin a faɗa, wannan ya fi duk abin da ke akwatin. Yana kwance yana tunani: ko magana tana da inuwa ne, kuma inuwar tana riga ta isowa in rana na bayanta?

Akwai mai sani kuwa, kuma ta gida ce. Autar nan da ta danna jan maɓalli ta girma, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, tana binciken wani abu da uwarta ta taƙaita da cewa tsatsa ce, har ta sa mata Dokta Tsatsa. Shi kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Wata rana da azahar, da Jiniya ta shiga barcinta na rana, ya lalubo rediyon a ƙarƙashin zannuwan gado, ya zare kaset ɗin ya sa a aljihu. Niyyarsa ya tambaya ya dawo da shi kafin ta farka.

Ɗakin aikin Uwata sanyi ne da shi kamar cikin firji. Kwalabe jere a kan kanta, masu baƙin ruwa da masu ja, kowace da 'yar takarda a wuya. A kusurwa wata na'ura mai kama da ganga tana numfashi ita kaɗai, an zana jan layi a ƙasa kewaye da ita. Uwata ta karɓe agogonsa da makullansa ta zuba a roba kafin ta bar shi ya wuce.

Ya ba ta labarin raɗar, amma ya cire uwarta daga ciki. Ya ce shi ne ya saka kaset ɗin don kewa. Da jin cewa akwai muryar Mama a ajiye, idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Sannan ta tafi wurin mai kula da na'urori, ta dawo da wata tsohuwar na'urar kaset da ƙura a kanta. Suka saurara tare. Da raɗar ta zo sai ta yi murmushi, ta ce ta san wannan, ɗan'uwan aikinta ne.

Ta zaro zaren kaɗan da fensir ta nuna masa. Ruwan ƙasan nan da ke jikinsa, in ji ta, tsatsar ƙarfe ce da aka niƙa ta fi gari laushi, aka shafa. Kowane ƙwayar tsatsar ɗan mayen ƙarfe ne, yana da gabas da yamma nasa, kuma murya ba komai ba ce a zaren sai yadda aka jujjuya fuskokinsu. A cikin kowane ƙwaya kuma akwai ƙananan zarra. Na tsakiya, maƙwabta sun kewaye su ta ko'ina, kowa ya riƙe kowa, sai su tsaya a tsari ɗaya. Na fatar ƙwayar kuwa, gefe ɗaya babu kowa, sai su karkace, kowa da inda ya dosa. In ƙwayar babba ce, 'yan fata ba su da yawa, ba a jin su. Amma tana ƙanƙancewa fata na cin ciki, har a kai inda kusan kowa ɗan fata ne. Shekarunta nawa tana auna wannan, in ji ta, kullum ƙurar tsatsar da take haɗawa sai ta fito da ƙarfi ƙasa da abin da lissafi ya ce, kuma fatar ce ke cinye shi.

Sannu-Sannu ya lumshe ido. Ya ce ya gane, kamar babbar bas ce, na tsakiya duk suna kallon gaba, na bakin ƙofa ne ke leƙe-leƙe. In kuwa motar ƙarama ce, kowa na bakin ƙofa ne.

"Ba daidai ba ne sosai, Baba, amma na yarda ka wuce."

Ta ci gaba. A cikin tsatsar kaset, mafi yawa manya ne masu riƙe abin da aka ba su. Amma ba a rasa 'yan mitsi-mitsi a tsakani, waɗanda ba su da riƙo, zafi kaɗan ya ishe su su juya. Zare yana naɗe, wannan zagaye kwance a kan wancan, shekara da shekaru a cikin zafin mota. Inda Mama ta yi tsawa, ƙarfin tsawar ya ratsa zuwa zagayen da ke manne da shi, inda babu komai sai shiru. Manyan wurin ba su kula ba. Ƙananan ne suka juya suka kwaikwayi maƙwabcinsu. Shi ya sa raɗar ke zuwa kafin muryar da zagaye guda.

"Wato ba gaibu ya sani ba," in ji shi, da ɗan takaici.

"Gulma ya ji ta bango."

Suka yi dariya. Sai ta buɗe na'urar ta shafa yatsa a inda zaren ke gogawa, yatsan ya fito da ja-ja. Dariyarta ta ɗauke. Ta ce zaren yana zubar da tsatsarsa, duk sakawa ɗaya sai an kankare wani abu, kuma wannan ce kaɗai muryar Mama a duniya. Dole a kwafe ta yau. Ya duba wurin agogonsa, babu agogo. Ya ce to, amma ta yi sauri.

Don kada ya gaji da jira, ta ba shi wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa da guntun mayen ƙarfe. Ya kusanta shi da gindin kwalbar, sai ruwan ya tashi da ƙayoyi kamar bushiya. Ya janye, ruwan ya kwanta lumui kamar bai taɓa yin komai ba. Ta ce ƙurarta ce a cikin mai, ƙanana ne ƙwarai, suna bin mayen muddin yana kusa, yana tafiya sun manta. Tsoho ya samu abin wasa. Ya sa bushiyar ta hau bangon kwalba, ya sa ta rawa, ya raba ta biyu. A bayansa yana jin na'urar tana wuwu, ta tsaya, ta sake wuwu ta koma, ta tsaya, ta sake. Bai waiwaya ba. Ya ɗauka haka ake kwafa.

Da ta gama ta miƙa masa kaset ɗin fuska a sake. Ta ce ta kwafe muryar tsaf a wayarta, kuma kafin ta kwafa ta yi abin da masu adana tsofaffin kaset ke yi, ta zagaya zaren gaba da baya sau da yawa. Ƙananan nan da suka ɗauki gulma ba su da riƙo, da an raba su da maƙwabcin an girgiza su sai su saki. Yanzu muryar Mama ta fito fes, babu wannan datti.

Ya ji maganar, amma hankalinsa na kan rana da ta karkata. Sai da ya zauna a motar haya, kaset a aljihu, sannan kalmar datti ta dawo masa ta zauna a ƙirjinsa kamar dutse.

Ya samu ya mayar da shi kafin Jiniya ta farka. Da dare bayan cin abinci ya ce ya tafi majalisa, ya fita, ya zauna a matakala ta uku daga ƙofa. Ya ji ƙarar zannuwa, ya ji kujera, ya ji ƙyas na maɓalli. Tukunya. Shiru. Shiru. Sai "Rufe ƙofar nan!" ta faɗo ba sallama. Babu gurnani a gabanta. Gurnanin ya zo daga baya, a makare, shi kaɗai, ya mutu a hanya. Ta mayar da zaren, ta ƙara murya. Abin da ya rage na raɗar bai kai kunnen tsohuwa ya kama ba. Ta sake mayarwa, ta sake ƙarawa, har tsawar ta cika bene, har matar mai walda da ke ɗaya gefen bangon ta buɗe ƙofarta ta leƙo, ta gan shi zaune a duhu. Ya ɗora yatsa a baki. Ta koma.

Can ya ji wani abu ya bugu da bango. Daga baya ya gane kofi ne.

Kwanaki suka biyo baya marasa daɗi. Jiniya ta daina ninke tsumma, ta daina leƙa taga. Ko "to" ɗin ta janye. In ya kawo shayi sai ta dube shi wani irin kallo, ba na zargi ba, na wanda ya gama lissafi ya ga babu saura. Ya gane cewa ita a ganinta ba kaset ne ya canza ba, kunnenta ne ko kanta ya ƙara lalacewa. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya kira Uwata ya faɗa mata gaskiya duka. Ta tambaye shi don me bai gaya mata tun farko ba. Ya ce sirrin ba nasa ba ne. Ta ce ita ma da ta tambaya kafin ta gyara abin da ba a ce ta gyara ba. Suka yi ta karɓe laifi daga hannun juna har kuɗin wayar ya ƙare. Ya sa kati ya sake kira ya tambaya ko raɗar za ta dawo. Ta ce za ta dawo, in an naɗe zaren an ajiye shi wuri mai ɗumi ba a taɓa ba, amma a hankali, watanni ko fiye. Ya tuna maganar likita a kan watannin farko.

Ranar hutu Uwata ta zo da dabara. Ta zauna da kwamfuta ta yanko kowace tsawa, ta rage ta, ta dusashe ta, ta ajiye a gaban 'yar'uwarta daidai numfashi guda. Aiki ya yi kyau, shi kansa da ya ji bai bambance ba. Ta durƙusa gaban uwar ta ajiye wayar a cinyarta, ta ce, "Mama, ga wani abu na haɗa miki, ki riƙa bi a hankali, ba wanda zai..." Ba ta ƙarasa ba. Jiniya ta dubi wayar, ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta da ke tsaye yana murza hula. Fuskarta ta yi irin ta ranar katuna. Ta sa hannun hagu ta kife wayar, ta tura ta gefen tebur, ta tashi ta shiga ɗaki.

Uwata ta yi kuka a baranda. Ya zauna kusa da ita yana kallon wayoyin lantarki da tsuntsaye suka jeru a kai. Ya ce mata uwarta ba ta ƙi raɗa ba, malami ta ƙi. Waccan raɗar ba ta da ido.

Ya kwana biyu yana juya wannan magana da ya faɗa ba da shiri ba. Ya tuna kuma cewa ba a zaren kaɗai tsawar nan ta kwanta shekara da shekaru tana manne da wani ba. Ya gwada a banɗaki, famfo na zuba. Rufe ƙofar nan. Sannan tukunya, sannan tarin babban ɗansu, sannan famfo. Bayan famfo akwai dogon shiru da kukan babur a waje, sannan ku zo ku ci. Duk yana nan a kansa, har tsawon kowane shiru, kamar ramukan hanyar da ya bi rabin rayuwarsa.

Abin da bai sani ba shi ne ko za ta sake taɓa rediyon. Ya ciro shi daga ƙarƙashin zannuwa ya sa masa sabon batir, ya mayar, ya bar kusurwar zanen a ɗage. Dare na farko ba ta taɓa ba. Na biyu ma haka. Kowane dare yakan ce ya tafi majalisa, ya buɗe ƙofar waje ya rufe ta da ƙarfi yana ciki, ya cire takalmi, ya lallaɓa bayan labulen da ya raba falo da ɗan lungun da suke ajiye tsintsiya da bokiti. Ya tsaya a nan, gwiwoyi na ƙara, har lokacin dawowa ya yi.

Wani dare ya ji zannuwa. Ya ji kujera. Ƙyas. Tukunya ta fara. Shi da bai taɓa riga kowa isa ko'ina ba, yau ana so ya riga Jiniya. Ya ja numfashi, ya sa baki a jikin labule.

"Rufe ƙofar nan," ya raɗa.

Tsawar ta biyo baya, daidai. Sai ƙyas, ta kashe.

Shirun da ya biyo ya yi tsawo har ya ji ɗigar famfon maƙwabta. Bai motsa ba. Yana ganin ƙeyarta ta ramin labule, ba ta juyo ba. Ya shirya jin rediyo ya fashe a bango. Sai ya ji zaren yana komawa baya. Ƙyas. Tukunya.

Ya sake raɗawa. Wannan karon gurnani ya biyo.

Da lokacin dawowa ya yi, ta kashe ta shiga ɗaki ta ba shi hanya. Ya ɗauki takalmi ya buɗe ƙofa ya rufe, ya yi tari. Ta fito ta ce, "To." Ya ce majalisa ta yi daɗi. Washegari da ya shiga bayan labule ya yi karo da wani abu a duhu. Ya shafa, kujerar tsugunno ce ta kicin, an ɗora mata matashi.

Haka suka ci gaba. 'Yan majalisa suka aiko tambaya ko lafiya, ya ce gwiwa ce. Ƙofa ta fito sosai, famfo ya biyo, "huce" ta ba su wahala har ya fara jin tsoron isowarta. Da rana ba wanda ke nuna ya san komai. Da ya gaya wa Uwata, sai ta ce ashe shi ma ɗan mitsitsi ne, zafi ya juya shi. Ya ce ai ya daɗe a naɗe kusa da tsawa. Ta kawo wani kaset da ta samo wurin mai kula da na'urori, ta mayar da muryar a kai don a huta da kankare na asali, ta ba shi a ɓoye, ya musanya. Wannan karon sai da ta tambaya ko a saka raɗa. Ya ce a'a, akwai mai yi.

Daɗi ne ya ɓata shi. Wani dare abin yana tafiya kamar mota a sabuwar kwalta, ta kama famfo tun daga "wa ya bar" har ƙarshe, ta kama "huce" ba tuntuɓe. Murna ta ɗebe shi, ya fara ɗokin jin na gaba. Ya raɗa tun shirun bai yi rabi ba. Ta tattara baki ta jira, muryar ba ta zo ba, iskar ta zube. Na gaba ma ya riga da yawa. Na gaba ma.

Ƙyas.

Ya ji ta tana kokawa da wani abu, gurnani mai tsawo, ba raɗa a gaba, ba tsawa a baya da za ta hau. Ya riƙe bokiti. Abin ya fito da ƙarfin da ita kanta ba ta shirya ba, har gilashin taga ya amsa.

"Kana... sauri!"

Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa gaya masa haka ba. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa ya shiga gemu. Ya nemi abin faɗa a duk cikin kansa, ya samu guda ɗaya.

"To," in ji shi daga bayan labule.

Ta mayar da zaren baya kaɗan, ta danna.

Da safe Uwata ta biyo kafin ta wuce aiki, ta kawo magani. Suna zaune su uku a tebur, uban yana zuba shayi, uwar tana juya cokali da hannun dama, a hankali, yana ƙwanƙwasa kofi. Bai gaya wa 'yar abin da ya faru jiya ba tukuna, yana neman ta inda zai fara ba tare da ya ɗaga labule a gaban uwar ba. Sai aka ƙwanƙwasa. Matar mai walda ce, ta zo aron dutsen guga, nata ya ƙone. Ta gaishe da Baba Direba, ta gaishe da Dokta, ta dafa kafaɗar Jiniya ta tambayi jiki. Aka ba ta dutsen. Ta kai bakin ƙofa, ta naɗe wayarsa a hannu, sannan ta juyo.

Ta ce ita fa kada a ga kamar tana sa kunne, bangon ne ba kauri. Kaset ɗin nan na kowane dare har ta haddace shi, mijinta ma in ya bar famfo yana zuba da shi take tsokanarsa. Ta san ƙofa, ta san famfo, ta san ku zo ku ci.

"Amma jiya na ji wata da ban taɓa ji ba. Wai sabon kaset kuka samo ne?"

Uwata ta dubi ubanta. Uban ya dubi butar shayi. Jiniya ta ci gaba da juya cokali.